Daga Bakin Mai Sana'a Zuwa Lamba Mai Gida Huɗu

Jami'in ƙidaya ya yi sallama a ƙofar gida, maigida ya fito, aka shimfiɗa tabarma a zaure. An wuce suna da shekaru da yawan iyali lami lafiya, sai aka zo kan abin yi.

"Baba, kana da aiki?"

"Ina na ga aiki, ɗana? Ai mu ba mu yi boko ba."

Jami'i ya danna gurbin marasa aiki a kwamfutar hannunsa, ya wuce tambaya ta gaba. Dattijon nan kuwa tun asuba yake kasuwar dabbobi yana dillancin awaki, yana da gonar gero a bayan gari, kuma duk yaron da ya karye a unguwar wurinsa ake kai shi ɗori. Bai yi ƙarya ba. A kunnen mutane da yawa "aiki" shi ne na albashi, wanda ake zuwa ofis ko kamfani a karɓi kuɗi ƙarshen wata. Abin da shi yake yi sunansa sana'a, ko neman abinci. Da kalma ɗaya aka share mai sana'a uku daga lissafin ƙasa, kuma duk ƙwarewar waɗanda za su zauna a hedikwata su tattara alƙaluma ba za ta dawo da shi ba.

Mutum biyu nake wa wannan bayani: mai shiga gida-gida yana tambaya, da mai zama a ofis yana mayar da amsoshin lambobi. Aikinsu sarƙe yake, amma nauyin na farko ya fi, domin abin da bai rubuta ba ya ɓace ke nan.

Kundin da yawancin hukumomin ƙididdiga na duniya suke dogara da shi wajen rarraba sana'o'i na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, ILO, kuma ana kiransa ISCO. An fara fitar da shi a 1958, aka sabunta shi a 1968 da 1988, wanda ake aiki da shi yanzu kuma shi ne na 2008. Fasalinsa kamar bishiya yake. Akwai manyan rukunoni 10, sun yi rassa 43, rassan sun rabu 130, daga nan aka sami ƙananan rukunoni 436. Kowane mataki yana ƙara gida ɗaya a lamba. Ɗauki tela: 7 ita ce lambar masu sana'ar hannu baki ɗaya, 75 ta ware masu sarrafa abinci da katako da tufafi, 753 ta tsaya kan masu aikin tufafi da fata, 7531 kuma ita ce telan kansa. Sauran manyan rukunonin su ne shugabanni da manajoji a 1, manyan ƙwararru irin su likita da lauya da malamin makaranta a 2, masu matsakaiciyar ƙwarewa a 3, akawu-akawu a 4, masu saye da sayarwa da hidima a 5, manoma da makiyaya da masunta a 6, direbobi da masu sarrafa injuna a 8, masu aikin ƙarfi a 9, sai sojoji a 0.

Ba a bukatar mai shiga gidaje ya haddace lambobin nan. Abin da ake so ya zauna masa a kai shi ne ma'aunin da aka gina kundin a kansa: aikin da mutum yake yi, da irin gwanintar da aikin yake nema. Takardar makarantarsa tana da nata gurbin a fom. Mai digiri da yake jan a-daidaita-sahu lambarsa 8321, daidai da ɗan acaɓar da bai taɓa shiga aji ba. Na sha ganin jami'i ya ji kunyar rubuta wa ɗan'uwansa ɗan boko "tuƙin keke", ya rubuta abin da ya karanta a jami'a. Wannan karar ba ta amfanar kowa, domin ta ɓoye ainihin abin da ƙasa take bukatar sani, wato masu digiri nawa ne suke kan titi. Haka yaron da yake koyon sana'a a garejin maigidansa, lambar bakanike ake ba shi, 7231, tunda aikin da yake yi ke nan.

Akwai tambayoyi uku da suke kama da juna, kuma a nan sabon jami'i ya fi tuntuɓe. Ta farko, me mutumin yake yi. Ta biyu, me wurin da yake aikin yake samarwa, wadda take da nata kundin na Majalisar Ɗinkin Duniya mai suna ISIC. Ta uku, wane matsayi yake da shi a aikin: albashi ake biyan sa, ko na kansa yake yi, ko ya ɗauki wasu, ko kuwa taya iyali yake yi ba lada. Direban da yake jan ƙaramar motar wani asibiti sana'arsa tuƙi, 8322, harkar wurin aikinsa lafiya, matsayinsa ɗan albashi. Da wannan za a gane cewa "ma'aikacin gwamnati" bai amsa tambayar sana'a ba sam. Ya faɗi mai biyan albashi ne kawai. A ƙarƙashin wannan suna akwai babban sakatare, akwai akawu, akwai masinja, akwai maigadi, kuma rukunoninsu sun kama daga 1 har 9.

To yaya za a yi tambayar? A bar kalmar "aiki" ita kaɗai. A ce, "Baba, wace sana'a ake yi?" ko "Da me ake neman abinci?" Idan an sami suna, a biyo da ta biyu, wadda ta fi ta farko amfani: "Idan ka fita da safe, me da me kake yi har ka dawo?" Amsa biyun duka a rubuta su kamar yadda suka fito daga bakinsa, da Hausa in da Hausa ya faɗa. Kada a yi fassara a tsaye a ƙofar gida. Ɗan garuwa, idan aka juya shi zuwa Turanci cikin gaggawa, mai sayar da ruwa zai koma, mai sanya lamba kuma ya jefa shi cikin 'yan tireda, alhali kundin ya ware masa gurbinsa tare da masu ɗebo itace, 9624, domin aikinsa ɗiba ne da kaiwa gidaje. Matsalar ɗaya ce a Maraɗi ko Damagaram, inda fom yake zuwa da Faransanci amma hira da Hausa ake yin ta.

Yana da kyau kuma tun farko a kwantar wa mutum da hankali. Wani yana jin tambayar sana'a sai haraji ya faɗo masa a rai, ya rage. Wani kuma tallafi yake hange, ya ce ba ya komai ko za a sa sunansa. A gaya masa gaskiya, cewa wannan rubutu ba ya jawo haraji kuma ba ya kawo rabo, ƙirga ne kawai.

Akwai kalmomin da duk lokacin da jami'i ya ji su ya kamata ya san bai gama ba. Babbarsu "ɗan kasuwa". Attajirin Kantin Kwari mai shaguna da yara goma ɗan kasuwa ne, yaron da yake bin motoci da cajar waya a danja shi ma haka zai ce. Tambaya uku take raba su: me ake sayarwa, a ina ake sayarwa, kuma wa yake tsayawa a kan kayan.

"Alhaji, wane kaya ake taɓawa?"

"Atamfa da shadda."

"Shago ne ko rumfa?"

"Shaguna ne, uku."

"Kai kake zama ka yanka wa masu saye, ko yara ne?"

"A'a, yara ne. Ni oda nake yi, in zagaya in duba lissafi."

Wannan ya fita daga rukunin masu sayarwa, ya shiga na manajojin ciniki, 1420. Da shi yake zama a shagonsa ɗaya, da yaro ɗaya ko biyu masu taimaka masa, da 5221 ce lambarsa, su kuma yaran 5223. Mai tebur ko rumfa a kasuwa 5211. Mai yawo da kaya a titi, 9520. Amma idan abin da yake sayarwa na ci ne nan take, kamar mai shayi da mai tsire da mai ƙosai a bakin hanya, lambarsa 5212. Dillalin hatsi a Dawanau, wanda ba kayansa ba ne, haɗa mai kaya da mai saye yake yi ya karɓi la'ada, yana can rukuni na 3, a 3324. Dillaliya mai shiga gidaje da zannuwa da kwanuka kuwa ta fi kusa da 5243, masu bin gida-gida da haja. Kalma ɗaya ta watsu cikin manyan rukunoni huɗu.

"Malami" ma haka take, ko ta fi. Hausa ta ba da wannan suna ga malamin firamare, 2341, da na sakandare, 2330, da malamin asibiti, da malamin gona, da malamin allo, da limamin masallaci wanda kundin ya sa a 2636, har da malamin duba, wanda gurbinsa yake 5161. Wanda ya rubuta "malami" ya tsaya, bai rubuta komai ba. "Direba" sai an ji na me: tasi ko ƙaramar mota 8322, bas 8331, tirela ko tifa 8332, amalanken shanu ko na jaki 9332, mai tura kura kuma 9331. "Lebura" sai an ji na ina, domin na gini 9313 ne, ɗan dako mai lodi da sauke kaya 9333, ɗan ƙodago a gonar wani 9211. A kula kuma da sunayen girmamawa. Unguwa takan kira bakanike "injiniya", ta kira mai kemis "likita", mutumin ma ya saba har ya ɗauka. A bar shi da girmansa a baki, amma a takarda a rubuta abin da yake yi. Wanda ya ce "buga-buga" kuwa, a zauna da shi a bi kwanakin makon jiya ɗaya bayan ɗaya, a ji ranar Litinin ina ya yini, Talata fa.

Inda na fi jin ciwo shi ne kan mata. A ƙa'idar da ake bi, duk wanda ya yi aikin da zai kawo lada ko riba, ko na awa ɗaya ne a cikin kwana bakwai da suka wuce, mai sana'a ne. Da wannan ma'auni, matan aure masu yawan gaske a ƙasar Hausa masu sana'a ne. Amma mai amsa tambaya a zaure miji ne, kuma amsarsa sananniya ce: "Ba ta komai, tana gida." A bayan katangar kuwa ana suyar gyaɗa, ana matse mai, ana murza ƙuli-ƙuli, ana ɗinkin hula, ana kitso, yarinya ta fita da farantin talla tun hantsi. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana nazarin tattalin arzikin ƙauye, ta yi rubutu a kan wannan ciniki na cikin gida tun 1969, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Fiye da shekara hamsin ke nan, kuma har yau jami'in da bai iya tambaya ba yana wuce shi.

Maganin farko, a sa mata a cikin tawaga, domin mace za ta shiga har tsakar gida ta ga kaskon suya da idonta. Idan dole ta bakin miji za a ji, kada a ce "tana aiki?" A ce, "Uwargida tana ɗan taɓa wata sana'a a cikin gida? Ko ƙuli, ko daddawa, ko fura, ko saƙa, ko kiwon kaji na sayarwa?" Da an ambaci misalai sai ka ji ya ce, "Af, wannan kam tana yi." A gidan mai mata fiye da ɗaya a tambayi kowacce da sunanta, kada amsar uwargida ta rufe amarya. Lambobinsu suna nan: mai matse man gyaɗa 7514, mai ɗinkin hula da surfani 7533, mai kitso 5141, ungozoma 3222, mai wankau 9121. Girki da shara da reno na gidan mutum, duk da nauyinsu, ba su da lamba a wannan gurbi, kamar yadda ɗalibi da ɗan fansho ba su da ita.

Sai noma. Kusan kowa a karkara zai ce manomi ne, kuma kundin ya raba manoma gida uku. Mai noma don kasuwa yana rukuni na 61: amfanin gona 6111, dabbobi da madara 6121, wanda ya haɗa biyun 6130. Mai noma don cikin iyalinsa yana 63, wato 6310 da 6320 da 6330 a kan wannan jeri. Wanda aka ɗauka ƙodago yana 92. Tambayar da take raba na farko da na biyu ita ce, "Abin da aka girbe, wanne ya fi yawa, wanda ake ci a gida ko wanda ake kaiwa kasuwa?" Mai rumbun gero da yakan fitar da tiya biyar ya sayar idan rashin lafiya ta taso bai zama manomin kasuwa ba. Mai noman rani na tumatir a Kadawa kuwa, ko da gidansa suna miya da shi, don kasuwa ya shuka.

Wannan rabo ba ƙaramin abu ba ne. A 2013 taron masana ƙididdigar ƙwadago na duniya karo na 19 ya ware noman ci da kai daga aikin lada ko riba, ya ba shi nasa lissafin daban. Yadda ma'auni yake juya alƙaluma kuwa mun gani a Najeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da rashin aikin yi kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, lokacin da take ƙirga wanda ya yi ƙasa da awa 20 a mako cikin marasa aiki. Da ta koma sabon ma'auni mai awa ɗaya a 2023, sai adadin farkon shekarar ya fito kashi 4.1. Mutane sun yi ta surutu, kuma suna da hujja, domin ba ayyuka ne suka ƙaru haka ba, ma'aunin ne ya sauya. Darasin jami'i a nan shi ne ya bi littafin jagorar binciken da yake yi harafi da harafi, ko da wani bincike da ya yi a baya ya koya masa daban.

Mai sana'a biyu ko uku, irin dattijonmu na zaure, babbar sana'arsa ita ce wadda ya fi ba lokaci. Idan lokacin ya zo ɗaya, a ɗauki wadda ta fi kawo kuɗi. Idan fom yana da gurbin sana'a ta biyu a cike shi, kada a yi ƙyuiya. A tuna kuma da cewa shekara kashi biyu ce a ƙasar nan, damina da rani. Mutumin da za ka samu a gona a watan Agusta, a watan Maris yana ci-rani a Kano ko Legas, yana gadi ko yankan farce. Ƙidayar Najeriya ta 2006 a watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani. Saboda haka a karanta wa mutum tsawon lokacin da tambaya take nufi a fili, kwana bakwai ne ko wata goma sha biyu, kada a bar shi ya zaɓa da kansa.

Yanzu takarda ta iso ofis. Mai sanya lamba ya karanta sunan sana'a da bayanin aikin tare, ya leƙa harkar wurin aiki idan yana neman ƙarin haske, sannan ya duba fihirisa. Kada ya sa lamba da ka, ko ya sa ta sau ɗari a baya. Idan aiki ɗaya ya haɗa ayyuka iri-iri, kundin ya ba da ƙa'idojin fifiko. Aikin da ya fi neman gwaninta shi ake bi. Wanzami misali ne mai kyau: wanda aski kawai yake yi yana 5141, amma wanzamin gado mai ƙaho da sauran ayyukan magani ya hau 3230, inda maɗori da mai maganin gargajiya suke. Ƙa'ida ta biyu, yin abu yana gaban sayar da shi. Maƙerin da yake ƙera fartanya ya kai kasuwa ranar Juma'a maƙeri ne, 7221. Mai gasa burodi ya sayar a ƙofar gidansa 7512. Idan ayyukan sun yi kunnen doki ta kowace fuska, sai a bi wanda ya fi cin lokaci.

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare. A ƙarshen rukunoni da yawa akwai lamba mai ƙarewa da 9, kamar 9629, wadda aka tanada don sana'ar da aka gane sarai amma ba ta da gurbin kanta. Masu gaggawa sun mayar da ita juji, duk amsar da ba su fahimta ba su watsa ta can. Amsa mai duhu hanyarta daban. Idan "direban mota" kawai aka rubuta kuma ba halin komawa, a tsaya a matakin da aka tabbatar, a sa 83 a cike sauran da sifili, domin mai nazari ya san iyakar abin da aka sani. Shugaban sashe kuma ya riƙa zaro wani kaso na takardu yana ba mutum na biyu ya sa musu lamba ba tare da ya ga ta farko ba. Inda suka saɓa, nan ne ake bukatar hukunci.

Hukuncin nan a rubuta shi, a yi shi sau ɗaya, kowa ya bi. Kundin 2008 ya girmi sana'ar POS, don haka ba za a sami sunanta a ciki ba, kuma idan aka bar masu sanya lamba goma kowa da ra'ayinsa, za a raba masu sana'a ɗaya gida uku. Haka malamin tsangaya, haka maroƙi. Abin da nake roƙon duk ofishin da yake aiki a ƙasar Hausa shi ne ya gina fihirisarsa ta Hausa: kowane suna da aka ji a bakin mutane, da lambarsa, da tambayar da take warware shi. A sa har da bambancin gari. Abin da Bakano yake kira acaɓa, a Sakkwato da Nijar kabu-kabu ne, alhali a wasu garuruwan kabu-kabu motar gida ce da ake ɗaukar fasinja da ita, ga 8321 ga 8322 a kalma ɗaya. A sa dukanci da jima da rini da sassaƙa, a sa fawa da su, a sa dagaci da mai unguwa, waɗanda kundin bai manta da su ba, ya ba su 1113. Bayan kowane bincike a ƙara sababbin sunayen da aka ci karo da su, a miƙa wa tawagar gaba.

Shi kuma shugaban tawaga a fili, kada ya kwanta sai ya duba aikin ranar. Ya bi gurbin sana'a fom bayan fom. Duk inda ya ga kalma ɗaya tilo, "kasuwanci" ko "noma" ko "gwamnati", ya ware. Duk gidan da aka rubuta matan aure uku kuma babu mai sana'a ko ɗaya, ya ware. Gobe da sassafe jami'in da ya cike su ya koma, kafin maigida ya fita kasuwa, tun tawaga ba ta bar garin ba.